TARIHIN MAGABATA: MALAM ZAMAKHSHARI, MAI LAƘABIN JARULLAHI

A fitowar nan mun kawo muku tarihin wani malami na ƙasa mai nisa, wanda iliminsa ya iso har zaurukan malamanmu, ko da yake mafi yawanmu ba mu san sunansa ba.

Sunansa Mahmudu ɗan Umaru. An haife shi shekara ta 467 ta Hijira, wato 1075, a ƙauyen Zamakhshar cikin ƙasar Khuwarizm, wurin da yake cikin Turkmenistan a yau. Ba Balarabe ba ne, koyon Larabci ya yi kamar yadda almajiranmu ke koyo. Ya yi karatu a Bukhara, kuma babban malaminsa shi ne Abu Mudar mutumin Isfahan, wanda ya koya masa nahawu da lugga, ya kuma shigar da shi aƙidar Mu'utazilawa.

Ƙafa guda gare shi, ɗayar ta itace ce. Ibn Khallikan mai tarihi ya kawo riwaya biyu a kan haka. Ta farko, sanyin ƙanƙara ne ya kashe ƙafar a wata tafiya. Ta biyu, yana yaro ya ɗaure wa wani ɗan tsuntsu zare a ƙafa, ya fizga har ƙafar ta cire, uwarsa ta ji zafi ta yi masa baki. Da ya girma sai ya faɗo daga kan dabba a hanyar Bukhara, ya karye, anka yanke ƙafar. An ce yana yawo da takarda mai sa hannun shaidu, don kada a zaci hukuncin wani laifi ne ya raba shi da ita.

Da ƙuruciya ya bi fadoji yana yi wa sarakuna da wazirai waƙoƙin yabo, yana neman muƙami, bai samu abin da yake so ba. A 1118 ciwo mai tsanani ya kwantar da shi. Ya yi alkawari in Allah ya tashe shi ya bar ƙofar sarakuna, kuma ya cika. Ya tafi Makka ya zauna sau biyu, shekaru yana maƙwabtaka da Ka'aba, shi ya sa ake kiransa Jarullahi. A can ne, da taimakon sharifin Makka Ibn Wahhas, ya rubuta tafsirinsa Alkashshaf. Ya gama shi a 1134, cikin shekara biyu da ƴan watanni.

To, mene ne ya bambanta wanga tafsiri da sauran? Mu duba bakinmu na Hausa tukuna. In munka ce wane hannun jarirai gare shi, kowa ya san marowaci ake nufi, ba mai zuwa auna hannunsa. In anka ce bango ya faɗi a gidan wane, ba magini za a kira ba, ta'aziyya za a tafi. Larabci ma haka yake. Akwai haƙiƙa, wato kalma a kan ma'anarta ta asali. Akwai majazi, wato an ɗauke kalma an kai ta wata ma'ana saboda dangantakar da ke tsakaninsu, kuma an bar alama cikin zancen da za ta nuna haka. Alƙur'ani ya sauka da harshen Larabawa, ya zo da azancinsu, ya kuma gagare su. Don haka Zamakhshari ya tsaya kan cewa ba mai nutso cikin tafsiri sai wanda ya ƙware a fannoni biyu na balaga, ma'ani da bayan, kome zurfinsa a fiƙihu ko nahawu.

Ga misali wanda ya shafi kowane mai azumi. Ayar sahur cikin Baƙara ta ambaci farin zare da baƙin zare. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa sahabi Adiyyu ɗan Hatim ya sa igiya biyu, fara da baƙa, ƙarƙashin matashin kansa, yana duba su cikin dare don ya ga lokacin da za su rarrabe. Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya ganar da shi cewa hasken safiya da duhun dare ake nufi. Zamakhshari ya bi zancen a hankali, ya nuna kamance ne: hasken farko da ke shimfiɗuwa a gabas an kamanta shi da zare, kuma ambaton alfijir cikin ayar shi ne alamar. Haka ya yi da ayar Isra'i wadda ta hana mutum ƙuƙumce hannunsa a wuya ko shimfiɗa shi gaba ɗaya: ya ce misali ne na rowa da almubazzaranci. Wanda ya tsaya ga fatar kalma a nan, hukuncin ya kuɓuce masa.

Aya bayan aya yakan ɗora tambayar da ɗalibi zai iya yi, sannan ya amsa. Don me anka gabatar da wagga kalma? Don me anka juya zance daga mai magana zuwa wanda ake yi wa magana? Ya kuma rubuta ƙamus mai suna Asasul Balaga, inda yakan jera ma'anar kalma ta asali, sannan ya jera ta majazi daban. Littafinsa na nahawu, Almufassal, har yau ana karanta shi.

Amma wuƙa mai kaifi takan yanki mai ita. Mu'utazilawa ba su yarda muminai za su ga Ubangijinsu a Lahira ba. Da ya iso ayar suratul Ƙiyama mai zancen fuskoki masu annuri suna duban Ubangijinsu, sai ya mai da duban ya zama fata da sa rai. A nan Ahlus Sunna sunka ce a'a, domin hadisai ingantattu sun tabbatar da ganin, kuma ba wata alama da ta tilasta barin ma'anar asali. Wurare irin wannan suna da yawa cikin littafin, wasu a ɓoye ƙwarai.

Abin da malamai sunka yi da littafin shi muke so a riƙe. Ba su jefar da shi ba, ba su kuma haɗiye shi da ƙaya ba. Ibnul Munayyir, alƙali Bamalike na Iskandariyya wanda ya rasu 1284, ya bi shi shafi shafi yana nuna inda aƙidar ta kutso, yana yaba inda ya dace. Ana buga raddin nasa tare da Alkashshaf. Alƙali Baidawi ya tace shi, ya ɗauki azancin ya zubar da mafi yawan i'itizalin. Ibn Khaldun ya ce a amfana da shi, da sharaɗin mai karatu ya san hujjojin Sunna. Ta hanyar Baidawi ne ruwan ya gangaro mana, domin Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya lissafa tafsirin Baidawi cikin littattafan da ya dogara gare su a Liya'ut Ta'awili, wanda ya gama a 1231 ta Hijira.

Zamakhshari ya koma ƙasarsu, ya rasu a birnin Jurjaniyya daren Arfa na shekara ta 538, wato 1144. Ibn Batuta matafiyi ya ga kabarinsa wajen shekara 190 bayan haka.

Saboda haka muna kira ga samarinmu masu dawowa daga birni da fassara a hannu: kada a tayar da gardama a masallaci kan aya kafin a tambayi wanda ya karanci balaga. Muna kuma roƙon iyayenmu su ƙarfafa almajirai su wuce hadda, su zauna gaban malami su koyi nahawu da lugga. Allah shi gafarta ma magabata, shi ba mu fahimtar Littafinsa, amin.