A. S. Hornby, Malamin Da Ya Tsara Ƙamus Domin Masu Koyon Turanci

Da wuya a shiga ofishin gwamnati ko laburaren makarantar sakandare a ƙasar nan ba a tarar da ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci ba, amma kaɗan ne daga cikin masu buɗe shi suka san tarihin wanda ya tsara shi, wato marigayi Albert Sydney Hornby.

An haifi Hornby a garin Chester na ƙasar Ingila cikin shekarar 1898. Ya karanci harshen Ingilishi da adabinsa a Jami'ar Landan, sa'an nan cikin 1924 ya tafi Japan domin koyarwa a wata kwaleji da ke garin Oita. A can ne ya lura da wata matsala wadda ta zama aikin rayuwarsa. Ɗalibansa suna iya karanta manyan littattafan adabi, sun kuma haddace ma'anar kalmomi masu wuya, amma in aka ce su haɗa jimla da kansu, ko su furta kalmar da baki, sai abin ya gagara. Dalili kuwa shi ne ƙamusoshin wancan zamani an rubuta su ne domin Turawan da suka tashi da harshen, waɗanda ba su bukatar a gaya musu yadda ake amfani da kalma.

Cikin 1931 wani masani mai suna Harold Palmer, shugaban cibiyar binciken koyar da Turanci a Tokiyo, ya gayyace shi su yi aiki tare a kan kalmomi. Bayan da Palmer ya koma gida cikin 1936, sai ragamar binciken ta dawo hannun Hornby. Shi da abokan aikinsa biyu, E. V. Gatenby da H. Wakefield, suka duƙufa wajen tsara sabon ƙamus. An buga shi a Tokiyo cikin 1942, alhali kuwa Japan da Ingila suna tsakiyar yaƙi da juna.

Abin da ya bambanta wannan ƙamus da sauran shi ne ba ya tsayawa ga ma'ana kaɗai. Ana bayyana kalma mai wuya da kalmomi masu sauƙi, a kawo misalan jimloli, a nuna lafazinta da alamomin sauti na musamman, har da gaɓar da ake ƙarfafawa. An kuma raba sunaye gida biyu, masu ƙirguwa da marasa ƙirguwa, don mai koyo ya san cewa kalma irin information ba ta ɗaukar jam'i. Haka nan an kasa aikatau cikin tsari 25, kowane da irin ginin jimlar da yake bi.

Da yaƙi ya raba shi da Japan, Hornby ya kama aiki da hukumar British Council, ya kuma kafa mujallar koyar da Turanci cikin 1946. Kamfanin ɗab'i na Jami'ar Oxford ya sake buga ƙamus ɗin cikin 1948, bugu na biyu ya fito cikin 1963, na uku kuma cikin 1974, lokacin da aka sa masa sunan Oxford Advanced Learner's Dictionary of Current English.

Littafin ya kawo masa dukiya mai yawa, amma bai riƙe ta shi kaɗai ba. Cikin 1961 ya kafa asusu domin tallafa wa malaman Turanci na ƙasashe masu tasowa su ƙaro ilimi a Ingila. Ya rasu cikin 1978, yana da shekara 80 a duniya.

Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da ya buɗe wannan ƙamus ya karanta ma'ana kawai ya rufe, ya bar rabin amfaninsa a baya. Kamata ya yi ya duba lafazi, ya duba misalai, ya duba tsarin jimla, domin saboda su ne Hornby ya shafe shekaru yana wannan wahala.