Nikola Tesla da injin da ya ƙi rage gudu

A ranar 7 ga watan Janairun 1943 ne Nikola Tesla ya mutu a wani ɗaki na otal ɗin New Yorker da ke birnin New York, yana da shekaru 86, babu mata, babu ɗa, babu kuma dukiyar a-zo-a-gani.

Sai dai har yau irin injin lantarkin da ya ƙirƙiro ne ke juya akasarin na'urorin masana'antu, da fankoki, da famfunan ruwa a duniya. Injin yana da wata matsala guda da Tesla bai ga maganinta ba har ya bar duniya, wato wahalar sarrafa gudunsa.

Tasowarsa

An haife shi ne a ranar 10 ga watan Yulin 1856 a ƙauyen Smiljan, wanda a lokacin ke ƙarƙashin daular Ostiriya, a yanzu kuma yake cikin ƙasar Kuroshiya. Mahaifinsa limamin cocin Orthodox ne na Sabiyawa.

A shekarar 1875 ya shiga kwalejin fasaha ta birnin Graz, inda ya ga wani injin da ke aiki da wutar DC, wadda ke gudana ta fuska ɗaya. Irin wannan inji yana dogara ne da wasu ƙananan burushi da ke gogar ɓangaren da ke juyawa, suna tartsatsi, suna kuma cinyewa.

Tun daga lokacin ya shiga tunanin injin da ba ya buƙatar burushi. Bai kammala karatun ba, amma ya ce a birnin Budapest, cikin 1882, dabarar ta faɗo masa.

Dabarar ita ce amfani da wutar AC, wadda ke kai da komowa, a haifar da ƙarfin maganaɗisu mai zagayawa, shi kuma ya ja cikin injin ya riƙa juyawa ba tare da wani abu ya goge shi ba. Wani masani ɗan Italiya, Galileo Ferraris, shi ma ya gano hakan a ƙashin kansa.

A Amurka

Tesla ya isa New York a 1884, ya kuma yi wa Thomas Edison aiki na wasu watanni kafin su raba gari. Daga bisani sai da ta kai shi ga haƙar rami a kan dala biyu a yini.

A watan Mayun 1888 ya samu takardun mallakar fasahar injinsa, kuma cikin watan Yuli attajirin nan George Westinghouse ya sayi izinin ƙera shi, ya ɗauke shi zuwa birnin Pittsburgh.

A nan ne matsalar ta fito fili. Gudun injin Tesla yana ɗaure ne da yawan kai da komowar wutar da aka ba shi. A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda wutar ke yin hakan sau 50 a daƙiƙa, injin da aka fi samu a masana'antu yana juyawa ƙasa kaɗan da sau 1,500 a minti, ko ana son hakan ko ba a so.

Wutar kamfanin Westinghouse kuwa sau 133 take yi a daƙiƙa, yayin da Tesla ya dage a kan 60. Da aka gwada injin a taragon lantarki mai bin titunan birni, wanda dole ya tashi a hankali ya kuma rage gudu, sai abin ya faskara, aka koma ga injin DC.

Duk da haka tsarinsa ya yi nasara a wasu fannonin. Da wutar AC aka haskaka baje-kolin duniya na Chicago a 1893, kuma a 1896 aka fara tura wuta daga tashar ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo.

Shi kansa bai ci moriyar abin sosai ba. A 1891 ya yafe wa Westinghouse ladar da ake biyansa a kan kowane inji, sannan ya zuba ƙarfinsa a hasumiyar Wardenclyffe, inda ya yi fatan aika saƙo da wuta ba tare da waya ba. Kuɗi suka yanke, aka rushe hasumiyar a 1917.

Bayan mutuwarsa

Maganin matsalar gudun ya zo ne daga fannin na'urorin latironi. A 1957 kamfanin General Electric ya fito da tairisto, wani makunnin wuta da ba shi da ɓangare mai motsi, sannan a shekarun 1980 aka samu wanda ya fi shi sauri, mai suna IGBT.

Da su ake haɗa inbatar da ke karɓar wutar AC ta mayar da ita DC, sa'annan ta riƙa kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa, har ta sake samar da AC mai yawan kai da komowar da ake buƙata. Idan aka rage shi injin ya lafa, idan aka ƙara ya zabura.

Amfanin hakan ba kaɗan ba ne. Idan aka rage gudun fanka ko famfo da kashi 20 cikin 100, wutar da yake ci na iya raguwa da kusan rabi. Ta wannan hanya ce jiragen ƙasa na zamani, da na'urorin sanyaya ɗaki, da yawancin famfunan burtsatse masu aiki da hasken rana suke daidaita gudunsu.

A 1960 aka sa wa ma'aunin ƙarfin maganaɗisu sunan Tesla. A 2008 kuma wani kamfanin Amurka mai ɗauke da sunansa ya fito da motarsa ta farko, wadda irin injin nan nasa ke ja, shekaru 120 bayan da injin ya gaza jan tarago a Pittsburgh.