Joji Mula, Uban Marayu

An haifi Joji Mula a ƙasar Jamus a shekara ta 1805. Ƙuruciyarsa ba abin koyi ba ce. Tun yana yaro ya kan saci kuɗin ubansa, yana da shekara 16 kuwa aka jefa shi a kurkuku domin ya sauka a masauki, ya ci ya sha, bai biya ba. Amma a 1825, sa'ad da ya ke karatu a birnin Halle, wani abokinsa ya kai shi taron addu'a a gidan wani mai bi. Can ya ga mutum ya durƙusa yana roƙon Allah, abin da bai taɓa gani ba. Abin ya soki zuciyarsa, ya tuba, ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi.

Ya tafi Ingila a 1829, ya zama mai wa'azi, ya auri wata mai bi, sunanta Maryamu. A 1832 suka koma birnin Biristol. Can ya lura da wani abin da ya dame shi ƙwarai. Masu bi da yawa suna faɗa da baki Allah yana jin addu'a, amma zuciyarsu cike ta ke da tsoro. Ma'aikata suna aiki dare da rana, ba su da zarafin karanta Maganar Allah. 'Yan kasuwa suna yin algus don gudun hasara, tsofaffi kuma suna fargabar wanda zai ciyad da su. Sai Mula ya yi niyya ya kafa gidan marayu, domin a taimaki yaran, domin kuma 'yan'uwa su gani da idonsu Allah mai aminci ne. Ya ɗaura wa kansa ka'ida biyu: ba za ya roƙi mutum ko kwabo ba, ba kuwa za ya ci bashi ba.

A 1836 ya buɗe gida na fari mai ɗaukar 'yan mata 30. A 1838 kuɗi ya ƙare ƙaf. Shi da abokan aikinsa suka riƙa taruwa suna addu'a, suka sayad da kayan da ba su bukata. Sau da yawa abin sayen gurasa ya kan iso sa'ad da lokacin cin abinci ya yi kusa, amma yaran ba su kwana da yunwa ba. Kafin ƙarshen 1870 gidajen sun zama 5, masu ɗaukar yara fiye da 2,000.

A ƙarshen 1857, cikin tsananin sanyi irin na ƙasarsu, babbar tukunyar da ke ɗumama gidan yara 300 ta tsage. Dole a kashe wuta kafin a gyara. Mula ya kira magyara, sa'an nan ya roƙi Ubangiji abu biyu: iskar arewa mai sanyi ta juya, ma'aikatan kuma su sami zuciyar aiki. Ran da aka kashe wutar iskar kudu ta taso, ma'aikatan kuwa da kansu suka zaɓa su kwana suna aiki. Mu lura, bai naɗe hannu ba. Ya yi abin da ke wuyansa, ya bar wa Allah sauran.

Kada mu zaci dukan abin da ya roƙa ya samu. Ɗansa Iliya ya mutu yana jariri a 1835. Maryamu ta yi ciwo a 1870, ya yi mata addu'a, duk da haka ta rasu. Shi da kansa ya yi wa'azin tunawa da ita daga Zabura 119:68, inda aka nuna nagartar Allah. 'Yarsa Lidiya ta riga shi a 1890. Bangaskiyarsa ba ga kyautar ta ke ba, ga Mai bayarwa ta ke.

Ina ya samo wannan ƙarfi? Kowace safiya ya kan fara da karatun Littafi Mai Tsarki, yana ta tunani a kan ayoyin har zuciyarsa ta yi murna cikin Ubangiji, kana ya kawo bukatunsa. Sujada ce a gaba, roƙo yana biye. Ya rasu ran 10 ga Maris, 1898, yana da shekara 92, bayan marayu fiye da 10,000 sun sami mafaka a hannunsa. Kuɗi fiye da fam miliyan ɗaya ya bi ta hannunsa, amma abin da ya bari nasa bai kai fam 200 ba.

'Yan'uwa, ba dukanmu aka kira mu gina gidan marayu ba. Amma mun san rumbun da ya ƙare kafin kaka, mun san ciwon yaro da tsakar dare, waɗansunmu kuma dangi sun ƙi su saboda sunan Yesu. Allahn da ya ji Mula bai sāke ba. Bari mu buɗe Maganarsa da sassafe, mu yabe shi, sa'an nan mu faɗa masa bukatarmu. Ko ya ba mu, ko ya ce mu jira, ko ya hana, shi Ubanmu ne.