Albar Kalmet, likitan da ya nemo maganin dafin maciji

Kowace shekara, in ruwan Komadugu ya iso Difa ya malala cikin fadama, manoman tattasai da masunta suna lura da inda suke sa ƙafa. Ruwa yana korar macizai daga ramukansu, su nufi tudu, inda mutane suke. Irin wannan ambaliya ce, a wata ƙasa mai nisa, ta zama sanadin samun allurar saran maciji.

An haifi Albar Kalmet ran 12 ga Yuli 1863 a birnin Nis, ƙasar Faransa. Ya koyi aikin likita a rundunar sojan ruwa. Ya yi aiki a Gabon, inda ya ga ɓarnar zazzaɓin sauro da ciwon barci. A 1890 ya sadu da babban masanin nan Luwi Pastar, wanda ya tura shi Saigon, ƙasar Biyatnam ta yau. A can ya buɗe gidan binciken cututtuka a 1891.

A shekarar nan ruwa ya ci wani ƙauye kusa da Bak Liyu. Macizai dangin gamsheƙa suka kutsa gidaje, suka sari mutum 40, huɗu suka mutu. Wani gardi ya kama guda 19, aka aika wa Kalmet su cikin ganga. Tun daga ran nan ya duƙufa ga sanin maciji.

Maciji yana cikin dabbobi masu jan ciki. Danginsa su ne ƙadangare, damo, guza da hawainiya. Sai kunkuru da kififiya. Sai kuma kada. Fatarsu busassa ce mai ɓawo, ba ta barin ruwan jiki ya ƙafe, shi ya sa suke jure fari. Da huhu suke numfashi. Jikinsu yana bin zafi ko sanyin wurin da suke, don haka suke shan hantsi da safe, su ɓuya da rana tsaka. Yawancinsu ƙwai suke sakawa a tudu, amma kasa haihuwa take. Macizai da yawa ba su da dafi. Masu shi kuwa, da shi suke kama abinci.

Kalmet ya koma Faransa da rashin lafiya, amma bai bar aikin ba. Ya riƙa yi wa zomaye allurar dafi kaɗan-kaɗan, yana ƙarawa, har jikinsu ya saba. A 1894 ya nuna cewa ruwan jinin irin wannan zomo yana ceton wata dabba da dafi ya shiga jikinta. A 1895 aka ba shi shugabancin gidan Pastar na birnin Lil. Nan ya koma amfani da dawaki, don sun fi jini. Aka riƙa aika maganin ƙasashe masu nisa.

Sai dai gwani ma yana kuskure. Kalmet ya ɗauka maganinsa zai yi wa dafin kowane maciji. Wani likita na ƙasar Birazil, Bital Birazil, ya gwada shi a kan macizan ƙasarsa, ya ga ba ya aiki. Ashe dafi iri-iri ne. Na macizan da aka kai wa Kalmet yana kashe jiki, ya tsai da numfashi. Na kububuwa kuwa yana hana jini daskarewa, sai mutum ya yi ta zubar da jini. Saboda haka aka koma yin allurar da dafin macizan kowane yanki.

Kalmet ya yi wani babban aiki tare da Kamil Geran. Sun yi shekara 13 suna raunana ƙwayar tarin fuka, har aka fara ba jariri rigakafin B.C.G. a 1921. Shi ne wanda yake barin ɗan tabo a hannun yara. A 1930 jarirai sama da 70 suka mutu a Lubek, ƙasar Jamus, bayan an ba su shi. Bincike ya nuna a can ne aka gauraya maganin da ƙwayar cuta mai ƙarfi. An wanke Kalmet, amma abin ya karya masa zuciya. Ya rasu a Pari ran 29 ga Oktoba 1933.

Wanda maciji ya sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotse, kada a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a garzaya da shi gidan likita.

Tambayoyi
1. Me ya kori macizai zuwa gidaje a Bak Liyu?
2. Faɗi dabbobi biyar masu jan ciki.
3. Wane kuskure Kalmet ya yi?
4. Me za a yi wa wanda maciji ya sara?