Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Duk ɗalibin da ya taɓa shan ruwan randa a Gusau, Tsafe ko Bunguɗu ya ci moriyar magina, sai dai ba mu cika ganin girmansu ba.

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali, ƙasar Gwari. Ba ta yi boko ba. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida. Da hannu take mulmula yumɓu tana ɗorawa, tana zagaya tukunyar har ta tashi. Kafin ta bushe sai ta zana mata halittun da ta saba gani: ƙadangare, kunama, hawainiya, kada da kifi.

Sarkin Abuja, Sulaimanu Barau, ya tara tulunanta, a gidansa kuma wani Bature, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantarsa ta gini a Abuja, wato Suleja ta yau. Ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da inji, amma ba ta bar ginin hannu ba. An nuna aikinta a Landan, ta kuma zaga Amurka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Ta rasu a Minna a 1984. Hotonta ne a bayan takardar naira 20.