Robert Koch, likitan ƙauye da ya ware ƙwayar cuta daga 'yan uwanta

Duk wanda aka taɓa karɓar majinarsa a asibiti don gwajin tarin fuka, to ya ci moriyar aikin wani Bajamushe, Robert Koch.

An haife shi ranar 11 ga Disamba 1843 a garin Clausthal. Yana likitan karkara a Wollstein, cikin manoma, ya tabbatar a 1876 cewa wata ƙwaya ce ke kawo ciwon saifa, wanda makiyayanmu suka sani sarai.

Abin da ya dame shi, ƙwayoyin cuta a cakuɗe suke zuwa, kamar gero da dawa a buhu guda. In an zuba su cikin romo duka sai su hayayyafa tare, ba a gane mai laifi. Sai ya koma shuka su a kan abu mai tauri: yankan dankalin turawa da farko, daga baya wani daskararren romo. Wannan kuwa narkewa yake in ya ji ɗumi. Fanny Hesse, matar wani abokin aikinsa, ita ta kawo shawarar agar, wanda ake samu daga ciyawar teku. Ba a cika ambatonta ba, kuma ba a kyauta ba. Faifan gilashi mai murfi kuwa Julius Petri ya fito da shi a 1887.

Ga yadda ake yi har gobe: a ƙona ƙaramar waya, ta huce, a ɗebo kaɗan a ja layi a gefen faifan. A sake ƙonawa, a ja daga layin farko zuwa wani gefen, sau uku ko huɗu. Can ƙarshe ƙwayoyin sun yi ɗai-ɗai, kowace ta tsiro tulinta, iri guda zalla. Da irin wannan aiki cibiyar CERMES ta Yamai ke tantance ƙwayar sanƙarau da ta kwalara.

Ranar 24 ga Maris 1882 ya sanar a Berlin cewa ya gano ƙwayar tarin fuka. Shi ya sa duniya ke tunawa da cutar a wannan rana. Ya samu kyautar Nobel a 1905.

Ya yi tuntuɓe ma. Tuberkulin da ya yi shela a 1890 bai warkar da tari ba, kuma maganin ciwon barci da ya gwada kan 'yan Afirka ta Gabas a 1906 da 1907 ya makantar da wasu. Ya rasu ranar 27 ga Mayu 1910 a Baden-Baden, yana da shekara 66.