George Ravenscroft, Baturen Da Ya Haɗa Gilashi Da Dalma

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tsohon kofin gilashi irin na Ingila, ya ji nauyinsa a hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya ji yana amo kamar ƙararrawa, to, ya ga amfanin wahalar George Ravenscroft.

Shi wannan mutum ɗan kasuwa ne, ba a gidan masu narka gilashi ya tashi ba. Ya zauna a birnin Benis na ƙasar Italiya yana fatauci. A zamanin nan kuwa mutanen Benis su ne gwanayen gilashi a Turai, har Ingila ma daga can take sayo nata. Wannan dogara ta dami fataken Landan ƙwarai.

Da ya komo gida sai ya kafa masana'anta a unguwar Savoy cikin Landan. A shekarar 1674 Sarki Charles na Biyu ya ba shi takardar izini ta shekara bakwai, watau ba mai yin irin gilashinsa sai shi. Amma murna ta so ta koma ciki, gama kofunan farko sai su yi ta tsattsagewa a hankali, su dushe. Da abin ya ɗore, da sunansa da dukiyarsa duk sun salwanta.

Bai karaya ba. Ya yi ta gwaji yana ƙara dalma cikin haɗin, har gilashin ya fito garau, ga nauyi, ga sheƙi, ga kuma sauƙin sassaƙa. Daga 1676 ya riƙa manna hatimi mai siffar kan hankaka a jikin kayansa, don mai saye ya bambanta sabon haɗi da tsohon.

Da wa'adin izininsa ya cika a 1681, sauran masana'antu suka ɗauki dabarar, Ingila kuma ta rage dogara ga Benis. Shi kuwa ya rasu a 1683.

Kayansa da suka saura 'yan kaɗan ne, wasu suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan. Har yanzu masu tara tsofaffin kayan gilashi suna duba nauyi, da amo, da sheƙi, amma hatimin hankakan nan shi ne babbar shaida. Abin mamaki, tsattsagewar da ta kusa karya shi, yau tana cikin alamun da ake gane tsufan kofi da su.